Na kira ta barewa ta yi fushi, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarinyar da zan aura, tun farkon haɗuwarmu "barewata" nake ce mata, saboda idanunta da dogon wuyanta. Jiya ta ce kada in ƙara. Wai ƙawayenta sun gaya mata a bakin samarin yanzu barewa ita ce budurwar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, yau tana wajen wannan, gobe ta yi tsalle wajen wancan. Wallahi ban san da wannan ma'anar ba. In dage in fahimtar da ita, ko in sauya suna? Abokina ya ce in koma "gadata", tunda duk dangi ɗaya ne.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, wannan abokin naka ba ya ƙaunarka. Gada a baki daban, a rubuce daban. In ka furta, karin murya ne ke raba gadar daji da gadar da motoci ke bi ta kanta, amma a saƙon waya babu karin murya. Ka rubuta mata "ke ce gadata" ta karanta cewa ita ce abin da kake takawa ka haye, ka tafi wajen wata. Ga kuma gada ta gado, kamar a ce "halin da ya gada". In wayarka ta sa ƙugiya ta koma gaɗa, ka mayar da ita wasan 'yan mata a dandali. Daga rigima ɗaya ka faɗa uku.

Antin amare: Ƙanena, ba sunan ne ya ɓata mata rai ba, dariyar ƙawaye ce. A gabansu ka kira ta, ko? To, ka bar sunan tsakaninku ku biyu, a gaban mutane ka kira ta da sunanta na yanka. Kuma ka lura da ƙawar da ta kawo wannan fassarar, irinsu ba su cika son ganin an ɗaura ba.

Ɗan mafarauta: Mu a cikin abokanmu barewa shi ne wanda za a ci abinci tare, da an zo biya sai a neme shi a rasa. Ka ga kowace majalisa da tata ma'anar, babu wadda aka rubuta a ƙamus. Amma asali barewa ba abin zagi ba ce. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma yabo ake yi da shi, ana nufin ɗa ya gaji nagartar iyaye. Ka gaya mata fatanka ke nan ga 'ya'yanku, ka ga ko ba za ta yi murmushi ba. Sai dai ka kiyayi gwanki. Kirarinsa gwanki sha bara, wato wanda maharba suka daɗe suna bi ba su samu ba. Ga namiji kirari ne, ga budurwa kuwa ka ce samari sun sha yi mata layi.

Tsohon ɗalibi: Ku bi a hankali da sunan nan, jama'a. Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ita ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa. Wane ne mai tsalle-tsalle a cikinsu?

Ɗan Nijar: Ka ce mata mena. Irin barewa ce ta hamada, ta fi sauran tsayi da kyau, kuma sunan ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa ke nan, wadda ta je gasar kofin Afirka a 2012 da 2013.

Malamin makaranta: Ta je, amma a zagayen farko ta dawo gida duka biyun. Kada ka sa wa auren bawan Allah baki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Anti, kin canka, a gabansu na faɗa. Zan bi shawararki, in haɗa da karin maganar Ɗan mafarauta.

Antin amare: Madalla. In ka je, ka riƙa mata turare, kada ka tafi da karin magana zalla.