Neman shawara: fulawoyi sun hana ni haɗa shimfiɗar gadon ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗinki. Bikin ƙanwata saura wata guda, na yi mata alkawarin shimfiɗar gado ta hannu. Na yanka farin yadi gida 30, kowanne inci 8 da rabi, layi biyar masu gida shida-shida. Fulawoyin kuwa da ragowar atamfa na yi, wasu ƙyallayen na tsinto su a Kantin Kwari. Kowane ganye ƙyalle ne inci 3, in ninke shi ta kusurwa sau biyu, in bi bakin da zare in tattare. Ganye biyar fulawa ɗaya, maɓalli a tsakiya.

Zumuɗi ya sa na ɗinke fulawoyin a kan gidajen tun kafin in haɗa su. Yanzu ƙafar keke tana cin ganyen, layi na biyu ya fi na farko da kusan inci ɗaya, jajayen kuma duk sun taru gefe guda. Warware komai zan yi?

Wata Hajiya daga Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki taɓa fulawa ko ɗaya, layukan za ki warware. Gida shida ɗinki biyar ne. In kowane ɗinki ya ci ƙari kamar kaurin tsinken ashana ta ɓangare biyu, ai ga incin da kike nema. Ki auna rubu'in inci daga allura, ki manna salatef a farantin keken, bakin yadi ya riƙa bin sa. Ido yana yaudara, musamman da daddare in an ɗauke wuta. Sannan gugar ɗinkin: layi na farko ki kwantar da shi dama, na biyu hagu. Wajen haɗawa za ki ji sun shige juna a ƙarƙashin yatsa, nan za ki soka fil.

Wata mamba daga Maraɗi:
Anti, ki shimfiɗa zani a ƙasa ki jera su duka, ki hau kujera ki ɗauki hoto. Mayar da hoton baƙi da fari, nan take za ki ga inda masu duhu suka cunkushe. In jerin ya yi miki, ki rubuta lamba da alli a bayan kowane gida kafin yara su shigo.

Wata mai shago a Kaduna:
Hajiya ki yi haƙuri, ni dai cire su zan yi. Fulawa ita ce ƙarshen aiki: a haɗa gidaje, a sa auduga da yadin baya, a bi da ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, sannan a ɗora ta da hannu. Tambayata ma, kin wanke atamfofin kafin ki yanka? Na taɓa yi wa wata amarya irin wannan, wanki ɗaya jan ya zuba a farin, sai da na biya kuɗin yadi. Jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikin jajayen ki gani.

Hajiya daga Zariya:
Maganar zuba gaskiya ce. Amma cire 30 ɗin wahalar banza ce. Ta lanƙwasa ganyen ciki ta kama da fil, ta sa ƙafar zif, keke zai wuce.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na goga, fulawa huɗu sun zuba, duk daga atamfa ɗaya. Su kaɗai na cire, na jiƙa su a bokiti daban. Sauran 26 na jere a tsakar ɗaki, na kulle ƙofa. Hajiya, audugar cikin mai kauri zan saya ko marar kauri? Keken nawa Butterfly ne na ƙafa.