Shekarata 51: in sayi fili ko in riƙe kuɗin saboda magani?

Baban Yara, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ma'aikacin gwamnati ne ni, ina da hawan jini, na ɗan tara kuɗi. Ɗana ya nuna min cewa matsakaicin tsawon rai a Najeriya wajen shekara 54 ne. Abin ya tsaya min a rai. In sayi fili a Rigasa, nan Kaduna, in bar wa yara, ko in ajiye saboda asibiti?

Ɗan Kawo: Rai na Allah ne. Kakata ta haura 90, ga ta nan tana cin tuwonta.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, yawan mutuwar ƙananan yara ke jan wannan lissafin ƙasa, wanda ya kai 50 ba 54 ce tasa ba. Kuma arzikin ƙasa kaɗai ba ya sayen shekaru. Nijar ta fi mu talauci, amma nasu ya haura 60. Amurka ta fi Japan kuɗi, amma Japanawa sun fi Amurkawa tsawon rai, suna kaiwa 84. Ka riƙe maganinka.

Uwar Marayu: Kada ka sayi fili, Malam. Maigidana hawan jinin nan ne ya taɓa masa ƙoda. Wankin ƙoda sau biyu a mako, kowanne dubu 60. Muka sa filinmu a kasuwa, dillalai suka ga muna cikin matsi suka karya shi. Ranar da kuɗin suka shigo hannu yana kwance ba ya gane kowa. Shekararsa 53. Har yau ina biyan bashi.

Ɗan Kawo: Allah ya jiƙansa. Amma Hajiya dubu 60? Mu 45 muka biya wa kawuna.

Mai Kemis: Ban da allurar ƙarin jini ke nan. Haɗa duka ya kai 90.

Dillali: Ba duk dillalai ba. Fili ba ya ruɓewa, naira kuwa kullum narkewa take.

Uwar Marayu: Kai da ke cin la'ada ne za ka ba shi shawara?

Ɗan Kawo: Ku bari in tambayo kakata sirrin, kila daddawa ce 😂

Ma'aikaciyar Jinya: A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Najeriya ba ta cika ba. Mu ke ganin sakamakon.

Mai Kemis: Ni wuta ce damuwata. Insulin, allurar masu ciwon suga, sai firji, kwana uku ba mu ga wuta ba a layinmu.