Neman kalma: me za mu kira abin da Ingilishi ya yi wa sunayen garuruwa da kogunan Ayalan?

Mai Fassara: Jama'a, ina neman kalmar da za ta tsaya wa anglicisation, wato yadda sunan Béal Feirste na harshen Ayalan ya koma Belfast, Corcaigh kuma, mai nufin fadama, ya koma Cork.

Malamar Harshe: Turantarwa, Malam, a kan awon Hausantarwa. Kada dai ka ce fassara, domin yawancin sunayen nan sauti aka bi, aka bar ma'ana a baya. Masu zana taswira na Birtaniya, daga 1824 zuwa 1846, su suka daidaita rubutun da dama daga cikinsu, John O'Donovan, masanin harshen Ayalan, yana bi gari-gari yana sauraron yadda mutane ke furtawa.

Ɗan Damagaram: Malama, a wajenmu Bature ya haɗa har da Bafaranshe. Ba Ingilishantarwa ta fi dacewa ba?

Malamar Harshe: Ta fi daidai, amma ta yi wa baki nauyi. A rubuta Turantarwa, a ambaci Ingilishi sau ɗaya a farko, ya isa.

Malamin Tarihi: Na yarda, sai dai a raba ta biyu. Akwai Turantar da sauti, irin Sakkwato da ta zama Sokoto: baile, wato gari, ya zama Bally, Abhainn Mhór, babban kogi, ya zama Avonmore. Akwai Turantar da ma'ana: a fassara sunan, kamar yadda An Charraig Dhubh da Blackrock duk suke nufin baƙin dutse. A ta farkon ake yin ɓarna. Cill ɗakin ibada ne, coill kurmi ne, amma sau da yawa duka biyun an rubuta su Kil, sai ka koma tsofaffin takardu kafin ka san wanne ake nufi. Dublin kuwa daga Dubh Linn ne, baƙin tafki, alhali masu harshen Ayalan Baile Átha Cliath suke cewa, garin mashigin ruwa mai shimfiɗar tsumagu. Wurare biyu ne dab da juna tun asali.

Kada a cusa Waterford da Wexford a ciki, daga harshen 'yan Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai, suka fito. Haka Kingstown da aka laƙaba wa garin Dún Laoghaire daga 1821 zuwa 1920, wannan sauya suna ne kawai.

Mai Fassara: To, an tsaya a Turantarwa, ta sauti da ta ma'ana. Na gode, Malamai.