Tambaya: ina zan samu tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a sashen tarihi, ajin ƙarshe, a Sakkwato nake karatu. Kundin digirina a kan yadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta kawo labaran Yaƙin Duniya na Biyu ne. Babi na uku ya cije, domin malamin da ke duba aikin ya ce ba zai karɓi abin da na tsinto a littattafan wasu ba, sai na ga jaridar da idona. Gaskiyarsa ce, amma aljihu ba ya so.

An ce in gwada Gidan Arewa ko ma'adanar takardu ta ƙasa, duk a Kaduna. Ga lacca kullum, ga jarrabawa ta matso, kuɗin motar ma na zuwa ɗaya ne kacal.

Wanda ya taɓa zuwa, don Allah wanne zan fara nufa? Takardar gabatarwa daga sashenmu ta wadatar? Suna barin a ɗauki hoto da waya, ko sai dai in kwafa da hannu?