Muna zaune a bene a Oklahoma kuma babu ɗakin ƙarƙashin ƙasa: ina za mu nufa idan jiniyar gargaɗin mahaukaciyar guguwa ta yi kuka?

Maman Hanifa, daga Norman

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka daɗe a tsakiyar Amurka. Mun iso Norman daga Katsina a watan Agustan bara saboda karatun maigidana, kuma wannan ce bazararmu ta farko a nan. Ranar Asabar da tsakar rana na ji jiniya ta cika gari, na kwashi yara biyu muka shige bayan gida muna salati, sai daga baya maƙwabciyata ta ce gwaji ne da ake yi duk mako. Da yammacin Talata kuma jiniyar ta sake kuka, sama ta yi duhu, wayata ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, amma da na leƙa taga sai na ga maza suna tsaye a bakin ƙofa suna kallon hadari hankalinsu kwance.

Muna hawa na biyu a gidan haya wanda kusan duk katako ne, babu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, motarmu ɗaya ce, kuma maigidan yakan kai dare a makaranta. Yanayin ma ya ruɗa ni, domin da safe sai na sa wa yara rigar sanyi, kafin la'asar kuma zafi da gumi sun dame mu. Yaushe ne ya kamata in ji tsoro da gaske, kuma ina zan kai yara idan lokacin ya zo?

Baban Yusra, daga Moore

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da kika yi ranar Asabar ba abin kunya ba ne, kuma waɗanda kika gani suna kallon sama ba su ne abin koyi ba. Ina Moore ranar 20 ga Mayun 2013, lokacin da mahaukaciyar guguwa ta sauka gab da ƙarfe uku na rana, ta yi kusan minti 40 tana tafiya a ƙasa, ta kashe mutum 24, cikinsu har da yara bakwai a wata makarantar firamare. Gidanmu ya tsira da fashewar tagogi kawai, amma 'yan layuka kaɗan daga wurinmu babu abin da ya rage na gidaje sai daɓen siminti. Tsakanin garinku da namu tafiyar 'yan mintuna ce a mota.

Abu na farko shi ne ki rarrabe tsakanin sanarwa iri biyu. Akwai ta sa ido, wadda ke fitowa daga cibiyar hasashen guguwa ta ƙasa baki ɗaya, wadda ofishinta yake nan cikin garinku. Ita tana shafar yanki mai faɗi na tsawon awanni, kuma ma'anarta ita ce kayan haɗin guguwa sun hallara, amma ba a ga komai ba tukuna. Akwai kuma gargaɗi, wanda ofishin hasashen yanayi na yanki ke fitarwa idan an ga guguwar da ido ko na'ura ta nuna hadari yana juyawa, kuma shi ne ke sa waya ta yi wannan ƙarar. Tsakanin gargaɗi da isowar guguwa galibi minti goma ne zuwa sha biyar, wani lokaci ma bai kai haka ba. Saboda haka duk wata shawara da za ki yanke, ki yanke ta tun lokacin sanarwar farko, domin idan gargaɗi ya zo babu sauran lokacin neman takalmin yaro. Ki kuma haddace cewa kuna gundumar Cleveland, ki san sunayen garuruwan da ke kudu maso yammacinku, saboda daga can hadari ya fi tahowa, kuma masu bayani a talabijin da sunan gari da na titi suke magana.

Game da bene, gaskiya ba wurin zama ba ne a irin wannan lokaci, domin rufi da hawa na sama su iska ke fara ɗauka. Gobe da safe, tun sama tana garau, ki sauka ki yi sallama da wanda ke zaune a ƙasanku, ki roƙe shi izinin shigowa da yara idan an yi gargaɗi. Mutanen jihar nan, duk da ba su cika shiga harkar maƙwabci ba, ban taɓa jin wanda ya ƙi wannan roƙon ba. A ƙasan kuma ku nemi ɗakin da ya fi ƙanƙanta a tsakiyar gida, wanda ba shi da taga, kamar bayan gida ko ma'ajiyar tufafi, yadda bango da yawa za su shiga tsakaninku da waje, ku durƙusa ku rufa da katifa. Ki tambayi ofishin masu gidan ko suna da mafaka, kuma wa ke riƙe da mabuɗinta bayan an tashi aiki. Kada ki dogara da mafakar gwamnati, domin garuruwan yankin nan galibi ba su buɗe ta ga jama'a, bisa hujjar cewa fita kan hanya don neman ta ya fi zama a gida haɗari.

Rashin ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa ba gidanku kaɗai ba ne. Jar ƙasar nan yumɓu ce mai kumbura idan ta sha ruwa ta kuma tsage idan ta bushe, sanyin hunturu kuma ba ya ratsa ƙasa da zurfi kamar a arewacin Amurka, don haka magina ba su da dalilin haƙa tushe mai nisa. Abin da mu masu gida muke yi shi ne a haƙa rami a daɓen gareji a saka akwatin ƙarfe mai murfi, sannan a yi masa rajista a hukumar gari domin masu ceto su san inda za su tono idan gini ya rufta a kai. Namu yana ɗaukar mutum shida a matse, kuma bayan 2013 muka saka shi.

Anti Ladi, daga Birmingham

'Yata, Allah ya tsare ku. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Alabama, kuma ina bakin aiki ranar 27 ga Afrilun 2011, lokacin da guguwa iri-iri suka ratsa jiharmu a yini guda suka kashe fiye da mutum 200. Abin da na gani shi ne ba iskar kanta ke raunata mutane ba, abin da take ɗauke da shi ne, wato katako da gilashi da bulo da kwanon rufi, kuma rauni a ka shi ya fi kisa. Tun daga lokacin likitocin nan suke ba da shawarar hular kwano, ko da ta hawan keke ce, ga yara da manya. Ki saya wa kowane yaro ɗaya, ki ajiye su a wuri guda tare da takalma masu rufi, domin bayan guguwa ta wuce ƙasa cike take da ƙusoshi da fasasshen gilashi, kuma silifas ɗin da muka saba da shi ba ya hana komai. Jariri kuma a ɗaure shi cikin kujerarsa ta mota a shiga da shi.

Akwai abin da Baban Yusra bai ambata ba, wato dare. An yi jiniya ne domin waɗanda ke waje, kuma mai barci da tagogi a rufe ga ruwa yana zuba yana iya rashin jin ta sam. A yankinmu na kudu maso gabas guguwar dare ta fi yawa, ga itatuwa da tuddai da ke hana ganin nesa, kuma wadda ta rusa Mayfield a Kentucky a Disambar 2021 cikin dare ta zo, a watan da ba a ma lissafa shi cikin lokacin guguwa. Ki sayi ƙaramin rediyon hasashen yanayi mai batir, wanda ke yin shiru har sai an yi gargaɗi ga gundumarku sannan ya tashe ki, kuma kada ki kashe waya a daren da aka yi sanarwar sa ido. Fasfo da takardun zama ku haɗa su a jaka ɗaya da ruwa ba ya shiga, saboda ɗan ƙasa yakan sake samun takardunsa cikin sauƙi, baƙo kuwa sai ya sha wahala.

Ɗan Damagaram, daga Norman

Hajiya, barka da zuwa garinmu. Ni ɗalibin ilimin yanayi ne, kuma zan taɓa batun sanyin safe da zafin la'asar, domin shi ne tushen maganar. Jihar nan tana daidai inda iska iri uku ke karo a watannin Afrilu da Mayu: mai ɗumi da laima daga mashigin tekun Meksiko a kudu, busasshiya daga hamadar kudu maso yamma, da mai sanyi da ke gangarowa daga wajen duwatsun Rocky da Kanada. Babu wani tsauni da ya gitta daga gabas zuwa yamma da zai raba su. Idan iskar ƙasa tana busowa daga kudu, ta sama kuma tana busowa daga yamma da ƙarfi fiye da ita, sai hadari ya kama juyawa, kuma irin wannan hadarin ne ke haifar da guguwa mafi muni. Shi ya sa Amurka ke samun guguwa wajen 1,200 a shekara, fiye da kowace ƙasa, ko da yake mafi yawansu raunana ne masu ɗauke rufi da karya rassa.

Ba ɗaya take da guguwar da muka sani a gida da rani ba, wadda ke tashi daga zafin ƙasa rana tana haske, ta kwashi ƙura da leda ta watse. Wannan daga cikin hadari take saukowa, kuma mafi ƙarfinta tana wuce mil 200 a awa. Hadarin farkon damina da ke yaye kwanon gidaje a Katsina da Damagaram daga gabas yake tahowa da iska mai bugawa a miƙe, shi ya sa idonmu ya saba duban gabas, alhali a nan yamma ake dubawa.

Za ki ga ranakun da aka yi ta gargaɗi tun safe, aka sallami yara daga makaranta da wuri, sannan ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Masu hasashe ba ƙarya suka yi ba. Akwai wani shimfiɗin iska mai ɗumi a sama da ke danne ta ƙasa kamar murfin tukunya, kuma idan bai buɗe ba babu abin da zai faru, idan kuwa ya buɗe a wuri ɗaya to hadari yakan taso cikin ƙasa da awa guda. Sanin ko zai buɗe, da kuma a ina, yana daga cikin abin da ya fi wuya a aikin nan. Kowace safiya ki duba matakin haɗari da cibiyar hasashen guguwa ke fitarwa, daga 1 zuwa 5. Idan ya kai 3 ko ya wuce, ya kamata maigida ya dawo kafin la'asar, domin tsakanin la'asar da isha guguwa ta fi sauka, kuma ni kaina a irin wannan rana a gida nake sallar magariba.

Maman Hanifa, daga Norman

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da dattijuwar da ke ƙasanmu, har ta nuna mini ma'ajiyar da take shiga da karenta, wanda shi ne kawai abin da ya ɗan tsaya mini a rai. Maigidana yana ganin gara mu shiga mota mu yi kudu idan an yi gargaɗi, tunda ana nuna hanyar da hadarin ke bi. Yaya, me ka gani game da wannan?

Baban Yusra, daga Moore

Ki gaishe da maigidan, ki ce masa ban goyi bayan wannan ba. Kwana goma sha ɗaya bayan ta Moore, ranar 31 ga Mayun 2013, wata guguwa ta sauka kusa da garin El Reno, yamma da birnin Oklahoma City, faɗinta ya kai mil 2.6, mafi faɗi da aka taɓa aunawa. Mutum takwas ta kashe, dukansu a cikin mota, har da Tim Samaras, masanin da ya shafe shekaru yana bin guguwa domin bincike, saboda ta canza hanya ta kuma faɗaɗa ba zato. A yammacin nan dubban mutane da tsoron abin da ya faru a Moore bai sake su ba suka fito da motoci suka nufi kudu, manyan hanyoyi suka cushe, aka tsaya cik a fili hadari yana bisa kai. Da guguwar ta ci gaba da ƙarfinta zuwa cikin birni, da abin ya wuce misali. A daren kuma ambaliya ta kashe mutane fiye da guguwar, cikinsu har da iyalai baƙi da suka fake a magudanar ruwa da 'ya'yansu. Ƙarƙashin gada ma ba mafaka ba ce, domin iska tana matsewa ta ƙara ƙarfi a wurin, kuma an rasa rayuka ta haka a guguwar 3 ga Mayun 1999.

Idan kuna son barin gida, ku bar shi tun ana sanarwar sa ido, awanni kafin hadari ya taso, ku tafi wurin da kuka san akwai mafaka ku zauna har ya wuce. Ramin garejinmu yana da sauran wurin mutum biyu da yara, kuma Maman Yusra ta ce ku zo duk ranar da mataki ya kai 4, ku ci abincin rana a nan. Idan kuwa gargaɗi ya riske ku a gida, ku sauka wurin dattijuwar ku shiga tare da karen, tufafi a wanke su daga baya. Motar kuma maigida ya duba ko inshorarta ta haɗa da ɓarnar ƙanƙara, domin mafi arha ba ta haɗawa, kuma ƙanƙarar nan takan kai girman ƙwan kaza. Ita ce ta fasa mini gilashin gaba sau biyu, alhali guguwa sau ɗaya tak ta taɓa gidana.