Wai ya aka yi Offenbach ya riƙa zolayar sarkin Faransa amma ba a kama shi ba?

Ɗan Ƙofar Soro:
Salam 'yan uwa. Ina karanta Faransanci a jami'a nan Katsina, an ba mu aiki kan Jacques Offenbach, mai tsara kiɗan wasannin barkwanci irin waɗanda ake rerawa a kan dandamali. Abin da ya ɗaure mani kai, an ce wasanninshi cike suke da habaici ga sarkin Faransa Napoleon na uku da manyan gwamnatinshi, to amma kuma gwamnatin nan ce ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 1860, shekara na zagayowa ta ƙara mashi da lambar girma. Mi ya kawo haka? Mutumin da ba ma haifaffen ƙasar ba? Don Allah wanda ya san tarihinshi ya taimaka.

Malamin Faransanci, Daura:
Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiya ne ba a Faransa aka haife shi ba, a Kolon ta Jamus aka haife shi a 1819, babanshi mai jan waƙoƙin ibada ne a wurin bautar Yahudawa. Yana shekara 14 uban ya kai shi Faris makarantar kiɗa, shekara ɗaya ya yi ya bari ya koma kaɗa selo a gidan wasa, wato babban gogen nan da ake kafawa a ƙasa tsakanin ƙafafu. Ya daɗe yana bin manyan gidajen wasa su karɓi aikinshi ba su kula shi ba, sai a 1855 lokacin babban bajekolin duniya na Faris ya buɗe nashi ɗan ƙarami, Bouffes-Parisiens, kuma lasisin da aka ba shi da farko bai yarda mutum fiye da uku su yi magana ko waƙa a wasa ɗaya ba, ka ga ke nan tun farko gwamnati na riƙe da linzaminshi.

Amsar tambayarka tana cikin wasanshi Orphée aux enfers, wato Orphée a lahira, na 1858. Bai ambaci sunan sarki ba ko sau ɗaya. Gumakan Girkawa ya ɗauko ya mai da su 'yan sharholiya, babbansu Jupiter ba ya da aiki sai bin mata yana kuma yi wa sauran wa'azin kare mutunci, har ƙuda ya rikiɗa don ya shiga ɗakin da aka kulle Eurydice matar Orphée, kuma duk wanda ke Faris a lokacin ya san halin Napoleon na uku game da mata, don haka kowa ya gane inda aka dosa amma ba abin da za ka riƙe ka kai kotu. Shi kuma Orphée murna yake matarshi ta tafi, wata ce da ake kira Ra'ayin Jama'a ta tilasta mashi ya bi ta lahira don kar a zage shi. Wannan kam ba sarki kaɗai ya taɓa ba, duk masu auren ganin ido na birnin ya haɗa. Wani mai sharhi Jules Janin ya yi mashi kaca-kaca a jarida wai ya wulaƙanta tarihin magabata, sai mutane suka yi ta tururuwa su ga abin da ake faɗa a kai, aka nuna shi sau 228 a jere. A 1860 sarkin da kanshi ya zo ya kalla. Kada kuma ka manta yana da uwa a gindin murhu, Duc de Morny, ɗan uwan sarki ta wajen uwa, shi ke tsaya mashi, har wani ƙaramin wasa suka rubuta tare.

Maman Hanifa:
Malam Allah ya ƙara basira. Ni abin ya tuna mani da wasan gauta da kakarmu ke ba mu labari, matan gidan sarauta su kwaikwayi sarki da hakimanshi, tafiyarshi da maganarshi har kurakuranshi, shi kuma yana zaune yana kallo yana dariya, saboda ya san a cikin gidanshi ake yi kuma da izininshi. Amma ni fa ban yarda Offenbach ɗan gwagwarmaya ba ne, mai nishaɗantar da manya ne kawai. Kuma rawar nan ta kankan da mata ke ɗaga ƙafa, wadda ake yi da kiɗan ƙarshen wasan Orphée, wlh ba abin da zan so ɗiyana su gani ba ne.

Bakatsine a Maraɗi:
Hajiya kina da gaskiya ta wani ɓangaren amma ki duba La Grande-Duchesse de Gérolstein na 1867. Sarauniyar wata 'yar ƙasa ce ta ga wani kurtun soja Fritz ya yi mata, nan take ta yi ta ƙara mashi girma har janar, da ya nuna budurwarshi Wanda yake so sai ta sauke shi ya koma inda ya fito, ga kuma yaƙi da aka tayar don kawai a ɗebe mata kewa. Wannan ai ba wasa ba ne, an faɗi gaskiya kan yadda ake wasa da rayukan sojoji, sarkin Rasha da Bismarck, firaministan Prusiya ta Jamus, duk sun zauna sun kalla, shekara uku bayan nan Faransa da Jamusawa suka gwabza a 1870 mulkin Napoleon ya rushe. Shi kuma ya sha wuya, Faransawa na cewa Bajamushe ne, jaridun Jamus na cewa ya ci amanar ƙasar haihuwarshi. Daga baya ya karɓi gidan wasan Gaîté ya kashe kuɗi ba lissafi ya karye, dole a 1876 ya tafi Amurka yana kiɗa don ya samu na biyan bashi. Ni wannan ɓangaren ne ke ba ni tausayi sosai. Ƙanena in za ka rubuta ka sa sunan Meilhac da Halévy, su ne suka rubuta mashi kalmomin wannan wasan da La belle Hélène da La vie parisienne, habaicin nan rabi nasu ne.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam wanne zan fara saurara a YouTube?

Malamin Faransanci, Daura:
Fara da Orphée tunda kanshi aikinka yake, sannan ka nemi Les contes d'Hoffmann don ka ji ɗaya fuskar tashi. Wannan ba na dariya ba ne, shi ne babban aikin da ya so a tuna shi da shi bayan wasannin barkwanci kusan 100, yana fama da ciwon gaɓoɓi yana rubutawa, ya rasu ranar 5 ga Oktoba 1880 bai ƙarasa ba. Ernest Guiraud ne ya kammala aka fara nuna shi a Fabrairun 1881 a Opéra-Comique, gidan da ya kaɗa selo yana yaro. Ka sa kunne wurin Barcarolle, muryar mata biyu ce, karin kuma ya ɗauko shi ne daga wani tsohon wasanshi da aka nuna a Biyana a 1864.