Wai ina kuɗin gidajen riƙon yara a Ingila ke tafiya?

Maman Hanif:
Salam 'yan uwa, dan Allah mai sani ya fahimtar da ni. Wata takwas kenan ina aikin dare a wani gidan yara a arewa maso yammacin Ingila, yara uku ne kacal, duk kansil, wato ƙaramar hukuma, ce ta kawo su. Rannan na shiga ofis ɗauko makullin kwabar magani idona ya faɗa kan takardar biya, wallahi sai da na nemi kujera, abin da ake biya kan yaro ɗaya a sati ya fi albashina na wata nesa ba kusa ba. Amma injin wanki sati uku a lalace, kullum wai ana jiran izini daga sama. Da na matsa da tambaya aka ce ai masu zuba jari sun saye kamfanin. To kuɗin ina suke shiga?

Baban Ummi:
Wa'alaikis salam Maman Hanif. Kin san yadda mutum zai ci bashi ya sayi motar haya sannan ya ɗora wa direba balas mai nauyi don bashin ya biya kansa? To haka suke. Da bashi suke sayen kamfanin, bashin kuma a wuyan kamfanin yake ba nasu ba, kuɗin da kansil ta biya sai an fara cire ruwan bashi da ribar masu jari kafin a zo kan injin wankinku, bayan 'yan shekaru su sayar wa wani su ƙara gaba. Hukumar CMA mai sa ido kan gasa a kasuwa ta yi bincike a 2022, ta ce manyan kamfanoni 15 ribarsu a gidajen yara ta kai kusan kashi 23 cikin 100, kuma wasunsu bashin da ke kansu abin tsoro ne.

Ɗan Gwaggo:
Ni fa ban ga laifin ɗan kasuwa ba. Su kansil ɗin ai su suka yi ta rufe nasu gidajen, yanzu sama da kashi 80 na gidajen a hannun masu zaman kansu suke, yaran da ke hannun hukuma kuma sun haura dubu 80. In alƙali ya ce a ɗauke yaro yau Juma'a da yamma, dole a nema masa gado ko nawa ne. Kuma Ofsted, hukumar da ke duba gidajen yara da makarantu, na zagayawa, akwai na 'yan kasuwan da suke da kyau.

Baban Ummi:
Ai ka faɗa da bakinka Malam, ko nawa ne. Mai saye ba shi da ikon neman ragi ko ya juya, wannan ciniki ne? Ofsted kuma kula da yara take dubawa, ba ribar kamfani ba. Ka tuna Southern Cross, kamfanin gidajen tsofaffi da kamfanin zuba jari na Blackstone ya taɓa mallaka, ya durƙushe a 2011 da mutum kusan dubu 31 a ciki. Shi ya sa Wales ta yi doka a 2025 don cire riba daga riƙon yara, Scotland kuwa dama hukumomin da ke haɗa yaro da iyalan riƙo ba a yarda su ci riba ba.

Anti Rabi:
Ni abin da ya fi ci min rai inda ake buɗe gidajen. Inda gida ke da araha suke bi, irin su garin Blackpool, Landan kuwa 'yan kaɗan ne, sai a kwaso yaro a raba shi da makarantarsa da ƙannensa. Maman Hanif tambayi naki daga ina suke.

Maman Hanif:
Hmm Anti, biyu daga Landan ne. Ɗayar kakarta ke zuwa sau ɗaya a wata, jirgin ƙasa biyu da bas, ta yi awa biyu ta juya. Injin dai sun ce Litinin.